Dogaro da 'yan sa-kai wajen kashe gobara, da dalilin jinkirin motar asibiti

"Assalamu alaikum. Na karanta cewa a Amurka da Jamus yawancin 'yan kwana-kwana ba ma'aikatan gwamnati ba ne, 'yan sa-kai ne da ba a biyan su albashi. Abin ya ɗaure mini kai: ta yaya ƙasa mai arziki za ta bar rayukan jama'a a hannun mutanen da ke da wata sana'a daban? Sannan na ji ana kukan cewa 'yan sa-kan suna raguwa, motocin ɗaukar marasa lafiya kuma suna jinkiri. Shin wannan tsari ne mai kyau da ya kamata a kwaikwaya, ko kuwa tsimi ne hukumomi ke yi da rayukan mutane?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka karanta gaskiya ne, kukan da ka ji ma gaskiya ne, kuma tushensu ɗaya. Na yi shekaru ina amsa kira a matsayin ɗan sa-kai a wata tashar karkara kafin na koma koyar da ma'aikatan motar asibiti, don haka zan amsa maka daga abin da na gani da kuma abin da alƙaluma suka nuna. In na fahimce ka, tambayarka ita ce: wa ya kamata ya ɗauki nauyin zaman jira? Domin ainihin abin da al'umma ke saye idan ta kafa tashar kwana-kwana ko ta ajiye motar asibiti shi ne shiri, wato mutum mai horo da mota mai mai da kayan aiki masu lafiya, a zaune suna jiran abin da ba a san lokacinsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan jiran kuwa dole wani ya biya shi, ko dai da kuɗin haraji, ko da lokacin mutanen da suka yarda su bar barci da aiki da iyali duk sa'ad da aka kira su.

Yadda tsarin ya samo asali

Aikin sa-kai ya girmi aikin albashi a wannan fage. A shekarar 1736 Benjamin Franklin da abokansa suka kafa ƙungiyar kashe gobara a birnin Filadelfiya na Amurka, inda kowane mamba ya yi alƙawarin tanadar bokitan fata na ɗebo ruwa da jakunkunan kwashe kaya, ya kuma fito da su da zarar wuta ta tashi a gidan wani. A ƙasar Chile, tun da aka kafa ƙungiyar farko a Valparaíso a 1851, har yau 'yan sa-kai ne ke kashe gobara a duk faɗin ƙasar, har da babban birninta. A Jamus akwai 'yan sa-kai kimanin miliyan ɗaya, alhali biranen da ke da rundunar ma'aikatan dindindin ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. A Amurka, ƙididdigar da ƙungiyar kariya daga gobara ta ƙasar, wato NFPA, ta yi ta shekarar 2020 ta nuna 'yan kwana-kwana 1,041,200, daga cikinsu 676,900 'yan sa-kai ne, wato kusan kashi 65 cikin 100.

Dalilin da ya sa arziki bai kawar da wannan tsari ba lissafi ne mai sauƙi. Mako ɗaya awa 168 ne. Idan ana so kujera ɗaya a cikin motar kwana-kwana ta kasance da mutum dare da rana, kuma kowane ma'aikaci yana aikin awa 40 zuwa 48 a mako, ga hutu ga rashin lafiya ga zuwa kwas, to wannan kujera tana cin albashin mutum huɗu zuwa biyar. Mota ɗaya mai mutum huɗu ta zama albashin kusan mutum ashirin. Birni mai mutum rabin miliyan zai iya ɗaukar wannan, domin motocinsa ba sa hutawa. Ƙauye mai mutum dubu biyu, wanda gobarar gida ba ta fi sau biyu ko uku a shekara ba, ba zai iya ba, ko a wace ƙasa yake. Zaɓin da ke gabansa biyu ne: ya jira mota daga birnin da ke nesa, ko mutanensa su koyi aikin da kansu.

Jiran birni kuwa ba ya yiwuwa, saboda wuta da zuciya duka da minti suke aiki. Masu bincike na UL, wata cibiyar gwajin amincin kayayyaki a Amurka, sun cinna wuta a ɗakuna biyu masu girma ɗaya, ɗaya da kayan ɗaki irin na da, na katako da auduga, ɗaya da irin na zamani masu soso da roba. Ɗakin mai kaya irin na da ya ɗauki kusan minti 30 kafin wuta ta game shi gaba ɗaya, na zamanin kuwa bai kai minti 5 ba. Haka nan idan zuciyar mutum ta tsaya, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kuma duk mintin da ya wuce ba tare da an danna masa ƙirji ko an sa masa na'urar farfaɗo da zuciya ba, damar rayuwarsa takan ragu da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Saboda haka maƙwabci mai horo da zai iso cikin minti shida ya fi ƙwararren da zai iso bayan minti arba'in amfani, domin zuwan na biyun ihu ne bayan hari.

Aikin ya canza, masu yin sa ba su ƙaru ba

A nan ne matsalar da ka ji ana kuka a kanta ta fara. Mutane da yawa suna shiga aikin ne da tunanin mesa da tsani da jiniya, sai su tarar gobara ita ce mafi ƙarancin abin da ake kiran su dominsa. A Amurka, kusan kashi biyu bisa uku na kiran da tashoshin kwana-kwana ke amsawa na rashin lafiya ne da haɗari: tsoho ya faɗi a banɗaki, mai ciwon sukari ya suma, mace ta fara naƙuda, mota ta kife. Gobara ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba.

Ba haka abin yake tun farko ba. Har zuwa tsakiyar shekarun 1960, a wurare da dama na Amurka masu sana'ar jana'iza ne ke kai majinyaci asibiti, domin su ne ke da motar da mutum zai iya kwanciya a ciki, kuma direban bai san komai ba sai tuƙi. Wani rahoto da cibiyar kimiyya ta ƙasar ta fitar a 1966 ya tona wannan asiri, ya nuna yadda waɗanda suka ji rauni a hanya ke mutuwa a kan abin da za a iya magancewa. A wannan shekara ce kuma likita Frank Pantridge ya fara fitar da motar masu ciwon zuciya ɗauke da na'urar farfaɗowa a birnin Belfast na Ireland ta Arewa. A 1967 aka kafa ƙungiyar motar asibiti mai suna Freedom House a birnin Pittsburgh na Amurka, inda likita Peter Safar ya horar da baƙaƙen fata daga unguwar talakawa, suka zama cikin ma'aikatan farko da ke yi wa majinyaci magani na gaske tun a titi. A 1973 majalisar Amurka ta yi dokar kafa tsarin agajin gaggawa. Wannan ci gaba ya ceci rayuka marasa adadi, amma ya ɗora sabon kaya a kan tsoffin kafaɗu, domin a karkara tashar kwana-kwana ce kaɗai ke da mutane da mota da rediyo, sai aka miƙa mata aikin.

Ga yadda alƙaluman suka kasance: a 1984 'yan sa-kai a Amurka sun kai 897,750, a 2020 sun koma 676,900, a daidai lokacin da yawan kira ya ninka kusan sau uku. Japan ma haka: rundunar 'yan sa-kanta da ta kai kimanin miliyan biyu a shekarun 1950 ta faɗo ƙasa da 800,000 a 2022.

Masu sharhi kan ce mutanen zamani ne suka rasa kishin al'umma. Ni ban ga haka ba a tasharmu. Abin da na gani shi ne rayuwa ta sauya fasali. Ɗan sa-kai na zamanin da manomi ne ko mai shago ko ma'aikacin masana'antar garin, wanda zai iya ajiye abin da ke hannunsa ya ruga tasha cikin minti uku. Na yanzu yana aiki a wani gari mai nisan awa guda, matarsa ma tana aiki, kuma mai gidansa a wurin aiki bai san ƙauyen ba balle ya damu da gobararsa. Matasa suna ƙaura zuwa birni, waɗanda suka rage suna tsufa, tsufan nasu kuma yana ƙara yawan kiran motar asibiti. Ga horo: takardar shaidar matakin farko ta aikin motar asibiti a Amurka tana cin awa 120 zuwa 150 ko fiye, ta babban mataki kuwa ta haura awa 1,000, kuma sai an riƙa sabuntawa. Horon ya zama dole, ba na jayayya da shi, amma daga daren mutum da ranakun hutunsa ake yanko shi.

Mutane sukan ɗauka tsakar dare ne lokacin da ya fi haɗari. A wurinmu da hantsi ne, ranar aiki. Akwai wata Talata da ba na mantawa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, aka buga kira cewa wani magidanci ya faɗi ba ya numfashi. A takarda tasharmu tana da mutum fiye da talatin. Da na isa, ni kaɗai ne. Aka sake bugawa, aka kuma bugawa karo na uku, sannan wani dattijo da ya haura shekara sittin, wanda gwiwarsa ta hana shi hawa tsani tun tuni, ya iso ya karɓi sitiyari. Mun bar tasha bayan minti goma sha ɗaya. Da muka shiga gidan, mun tarar da matar mutumin a durƙushe tana danna masa ƙirji, wayarta a ƙasa, mai karɓar kira yana ƙirga mata, gumi ya jiƙa ta sharkaf, ba ta ko ɗago kai ta dube mu ba. Na'urarmu ta dawo da bugun zuciyarsa a gwaji na biyu, kuma ya rayu. Amma mun san da ba don waɗannan hannaye nata ba, da gawa muka je ɗauka. Tun daga ranar na daina tambayar tasha mutum nawa take da su. Tambayar da nake yi ita ce mutum nawa ke fitowa da hantsin Talata.

Ƙa'idar NFPA ta tashoshin sa-kai ta ce a karkara a samu mutum shida a wurin gobara cikin minti 14, a kira takwas cikin goma. Akwai kuma dokar cewa kafin mutum biyu su shiga gida mai hayaƙi, dole wasu biyu su tsaya a waje cikin shiri don ceto su. Idan mutum uku ne suka fito, sai su tsaya suna watsa ruwa daga waje har taimako ya zo daga tashar maƙwabta, ita ma kuwa tana fama da irin wannan ƙaranci.

Inda kuɗin motar asibiti ke maƙalewa

Ɓangaren agajin lafiya yana da ciwon kansa na daban. A Amurka, inshorar gwamnati ta tsofaffi, Medicare, da yawancin kamfanonin inshora suna biya ne idan an kai majinyaci asibiti, tamkar motar haya. Idan ma'aikata suka je suka ɗaga sukarin mutum ya farfaɗo ya ce ba ya buƙatar asibiti, sau da yawa ba a biyan ko kwabo, alhali an ƙona mai, an yi amfani da magani, an ɓata awa guda. Awannin da aka yi ana jiran kira kuwa babu mai biyan su ko kaɗan. A jihohi da dama doka ba ta tilasta wa ƙaramar hukuma samar da motar asibiti ba, kamar yadda al'ada ta sa ake samar da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Sakamakon haka albashi ya yi ƙasa, ƙwararru suna barin aikin su koma jinya a asibiti, ƙungiyoyin sa-kai kuma suna ɓata ranakun hutunsu wajen neman gudummawa don sayen taya da iskar oksijin.

Sai nisa. Asibitocin karkara fiye da 100 sun rufe ko sun daina kwantar da majinyata a Amurka tun daga 2010. Duk asibitin da ya rufe, kiran da ke cin awa ɗaya kan iya komawa cin awanni, kuma a tsawon wannan lokaci yankin ba shi da mota. Ingila ba ta da matsalar inshora irin wannan, amma tana da tata: an tsara cewa mai alamun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya samu mota cikin minti 18 a matsakaici, amma a shekarun baya-bayan nan an sha wuce wannan nesa ba kusa ba, domin motoci suna layi a ƙofar asibiti ba gadon da za a sauke majinyaci. Ni ma na taɓa tsayawa awa uku a barandar wani asibiti da wata tsohuwa a kan gadon turawa, ina riƙe da ledar ƙarin ruwanta, rediyo a kafaɗata yana neman motar da za ta je wurin yaron da ya shaƙe, ba ni da ikon motsawa. Wanda yake gida yana jira zai zagi direba, alhali abin ya toshe ne can ciki, a ɗakin da aka kasa sallamar wanda ya warke don ba mai kula da shi a gida.

Kada kuma a manta da abin da aikin ke ci a jikin mai yin sa. Bugun zuciya ne kan gaba wajen kashe 'yan kwana-kwana a bakin aiki a Amurka, domin mutum yakan tashi daga barci ya saɓa kaya mai nauyin kilo ashirin ko fiye ya shiga zafi. A 2022 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara. Ɗan sa-kai yana da ƙarin nauyin da ma'aikacin birni ba kasafai yake ɗauka ba: wanda yake zarowa daga motar da ta murƙushe yakan zama ɗan maƙwabcinsa ne, kuma washegari zai haɗu da uwar yaron a hanya.

Me ke aiki, kuma me ya kamata a kwaikwaya

Daga cikin hanyoyin da ake bi, wadda na fi gamsuwa da ita ita ce gauraya: a ɗauki mutum biyu ko uku na albashi su riƙe tasha da rana a ranakun aiki, 'yan sa-kai su karɓa da dare da ƙarshen mako. Tana da tata rigimar, domin mai albashi da mai yi don Allah a mota ɗaya sai shugaba mai adalci, amma tana toshe ramin da ya fi zurfi. Jamus ta bi ta hanyar doka: mai ɗaukar ma'aikata dole ya saki ɗan sa-kai idan an yi kira, ya biya shi albashinsa cikakke, sannan ƙaramar hukuma ta mayar masa. Motoci da kaya da inshorar rauni duk hukuma ce ke saye. Inda kuma aka rasa masu fitowa, doka ta ba da damar tilasta wa mazauna gari shiga, kuma an yi hakan a wasu 'yan garuruwa. Ka ga ke nan ɗan sa-kan Jamus yana ba da lokacinsa ne kawai, sauran nauyin yana wuyan hukuma. Alawus da fansho da sassaucin haraji suna taimakawa wajen riƙe wanda ya riga ya shiga, amma ban ga sun jawo wanda ba shi da lokaci ba. Abin da ya fi su tasiri a wurinmu shi ne raba aiki: mai tuƙi ya yi tuƙi, mai lissafi ya riƙe littafi, ba sai kowa ya koyi shiga wuta ba.

Ga ƙasashen da tsarin bai kafu ba tukuna, darasin da ya fi ƙarfi yana wajen mutanen da abin ke faruwa a gabansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A arewacin Iraƙi da Kambodiya, tsakanin 1997 da 2001, likita Hans Husum da abokan aikinsa sun horar da 'yan ƙauye fiye da 5,000 da wasu ma'aikatan lafiya kan buɗe hanyar numfashi, tsayar da jini da ɗumama majinyaci, a yankunan da nakiyoyi ke raunata mutane kuma asibiti ke da nisan awanni. Mace-macen masu rauni ya sauko daga kusan kashi 40 zuwa kusan kashi 15 cikin 100. A Ghana an koya wa direbobin motocin haya taimakon farko, tun da su ne ke fara isa wurin haɗari kuma su ne ke kwasar mutane. A ƙasashe masu ci gaba ma an dawo ga wannan tunani, da manhajojin waya irin su GoodSAM da PulsePoint da ke sanar da mai horo mafi kusa cewa zuciyar wani ta tsaya a layinsu.

To, tsari ne mai kyau ko tsimi ne? A ganina ya danganta da abin da ke tsaye a bayan ɗan sa-kan. Inda hukuma ta samar da lambar kira guda ɗaya mai aiki, da mai karɓar kira da ya iya koya wa mutum danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti ta waya, da mota da kaya da horo da inshora, da asibitin da zai karɓi majinyaci ba jinkiri, to aikin sa-kai hanya ce mai hikima ta kai agaji inda albashi ba zai kai ba. Inda kuwa aka ba mutane riga da suna aka ce su nemi mai da kansu, zarginka ya yi daidai.

Ya kamata in faɗa maka iyakar wannan amsa. Aikina na karkara ne, inda nisa ne babban abokin gaba. Babban birni mai cunkoso da dogayen benaye yana buƙatar ma'aikatan dindindin, kuma ba zan ba kowa shawarar riƙe shi da 'yan sa-kai kaɗai ba, duk da misalin Chile. Dokoki kan abin da ɗan sa-kai zai iya yi wa majinyaci da kariyar da yake da ita a kotu sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka sai ka duba na inda kake kafin ka taɓa kowa da sunan ƙungiya.

Idan kai da kanka kana tunanin shiga, je ka tashar ka tambaye su wa ke biyan kuɗin horo, wa zai ɗauki nauyinka da iyalinka idan ka ji rauni, kira nawa suke amsawa a wata, kuma mutum nawa suka fito a kiran rana na ƙarshe. Ka yi shawara da iyalinka tun kafin ka sa hannu, domin su ma za su riƙa farkawa duk lokacin da rediyon ya yi ƙara. Kafin duk wannan, ka nemi kwas ɗin danna ƙirji da tsayar da jini. Yawanci bai wuce yini ɗaya ba, kuma ba ya buƙatar ka zama mamban kowace ƙungiya.